Wai da gaske mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka haura 40 na da wannan ciwon huhun?

Sadiq_47:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni kuma ina so masu sani su warware min don abin ya tsaya min a rai tun jiya. Na raka Baba asibiti saboda tarin nan nasa da hakin da yake yi, shekararsa 71, kusan shekara 3 ke nan ko bene hawa ɗaya zai hau sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Mu duk a gida mun bar shi a kan tsufa ne. To sai aka sa shi ya busa wata na'ura, ya yi ta busawa wajen sau 5, aka ba shi abin shaƙa aka jira aka sake, a ƙarshe likita ya ce ciwon COPD ne, wato hanyoyin iska na huhu sun ƙuntata kuma ba za su koma yadda suke da ba. Ba ma wannan ne ya kawo ni ba. Da na ce wa likitan ni ban taɓa jin sunan ciwon ba sai ya yi murmushi ya ce ai a duniya cikin mutanen da suka haura 40 kusan 1 cikin 10 na ɗauke da shi. Ni fa 47 nake. Na zauna na lissafa abokaina da yayyena da iyayenmu sun fi mutum 100, masu hawan jini na san wajen 20, masu ciwon suga sun fi 10, amma mai wannan ciwon ko ɗaya ban sani ba sai Baba jiya. To ina suke? Ko dai likitan gishiri ya ƙara don mu tsorata mu kula da shi?

Ummu_Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Mai_Gardama:
Amin. Amma gsky Sadiq ni ina bayanka. Yanzu kowane ciwo aka ɗauko sai ka ji 1 cikin 10, na ƙoda 1 cikin 10, na suga 1 cikin 10, in ka tara su duka ai babu mai lafiya da ya rage a doron ƙasa. Ni dai abin da idona bai gani ba ina ɗari-ɗari da shi.

Nas_Hauwa:
Yaya Sadiq, Allah ya ƙara sauƙi. Kai da kanka ka ba da amsar tambayarka ba ka lura ba. Ka ce shekara 3 Baba yana dafa bango kuna cewa tsufa ne. To a cikin shekara 3 ɗin nan da wani ya tambaye ka ko ka san mai COPD me za ka ce? Za ka ce a'a, alhali kuna kwana gida ɗaya da shi. Haka sauran suke. Hawan jini ko a kemis za a ɗaura maka abin awo a hannu cikin minti 2 ka sani, suga ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Shi wannan sai an yi gwajin busa, kuma na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, inda take ma ba kowa aka koya wa aiki da ita ba. Ni shekarata 9 ina yi wa mutane gwajin nan, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da wuri, yawanci sai abin ya ci rabin huhu.

Malam_Lissafi:
Mai_Gardama, ba shaci-faɗi ba ne, bari in kawo maka inda adadin ya samo asali. Akwai wani babban bincike da ake kira BOLD, an buga sakamakonsa na farko a 2007 a mujallar likitanci ta Lancet. Ba a asibiti suka zauna suna jiran marasa lafiya ba, cikin jama'a suka shiga a wurare 12 na duniya, suka ɗebo mutum sama da 9,000 'yan shekara 40 zuwa sama, mai tari da mara tari, kowa aka sa shi ya busa. Abin da suka samu shi ne kashi 10.1 cikin 100 suna da ciwon a matakin da ya wuce na farko mai sauƙi, maza 11.8, mata 8.5. Daga nan 1 cikin 10 ɗin ya fito. Kuma ba daidai yake ko'ina ba, a Cape Town na Afirka ta Kudu maza sun kai kashi 22, mata kusan 17, amma matan Hanoba ta Jamus ba su kai kashi 4 ba. Kafin shi akwai wani binciken mai suna PLATINO da aka yi a birane 5 na Latin Amurka, aka buga a 2005, shi ma 'yan 40 zuwa sama, ya kama daga kashi 7.8 a birnin Meziko har zuwa 19.7 a Montebidiyo. Chaina ma sun yi nasu na ƙasa baki ɗaya, ya fito a 2018, 'yan 40 zuwa sama kashi 13.7, jimillar masu ciwon a ƙasar kusan mutum miliyan 100. Don haka likitan Baba tsakiya ya kama, bai ƙara komai ba.

Mai_Gardama:
To ka gani, daga 4 zuwa 22. Wannan ai ba adadi ɗaya ba ne, kowa da nasa.

Malam_Lissafi:
E mana, ai ba ruwan sama ba ne da zai sauka wa kowa daidai. Inda aka fi shan taba, ko ake aikin haƙar ma'adinai, ko tibi ya yi yawa, dole ya fi yawa.

Tsohon_Direba:
Ni ga ni nan, ɗaya daga cikin waɗanda Sadiq ke nema. Shekarata 58. Na fara shan sigari ina 19, na daina ina 52, ka lissafa. Kwali ɗaya a rana, in tafiyar dare ce har ɗaya da rabi don kar barci ya ɗauke ni. Tun ina wajen 40 kullum da safe sai na yi tari na fitar da kaki kafin in iya magana da kowa, ni a wajena wannan tarin masu shan taba ne kawai, duk abokaina suna yi, wa zai je asibiti don abin da kowa ke yi? Sai da ta kai in na sunkuya ɗaura igiyar takalmi sai na ɗago na huta, canjin taya kuwa da nake yi ni kaɗai sai na nemi yaro. Abin da ya kai ni asibiti wata mura ce da ta sauka ƙirji, kwana 6 ina kwance da robar oksijin a hanci. A nan na fara jin sunan. Kuma wallahi ko yanzu in aka tambaye ni cewa nake asma gare ni, don in na ce COPD sai an tsaya ana tambayata mene ne shi, ni kuma numfashin dogon bayani ba ni da shi. Ka ga ni ma ina cikin masu ɓata maka lissafi.

Sadiq_47:
Ikon Allah. Allah ya ƙara afuwa Baba Direba. Wato ko a cikin masu asmar da na sani ma akwai abin dubawa.

Zee_Baby:
Don Allah ni ku fahimtar da ni, ba asma ba ce kawai aka sauya mata suna? Naga duk inhela, maganin shaƙa ɗin nan, ake ba su.

Nas_Hauwa:
A'a ƙanwata, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Asma yawanci tun yarinta take farawa, tana tashi ta kwanta, yau mutum na fito a ƙirji gobe yana buga ƙwallo, kuma in ya shaƙi magani hanyar iskar takan buɗe ta koma daidai ko kusa da daidai. COPD kuma a hankali yake shigowa, galibi bayan 40, kullum yana nan, bara ya fi bana sauƙi. Abu biyu ke faruwa a ciki. Ƙananan bututun iska su kumbura su cika da majina, sannan 'yan jakunkunan iska da ke can ƙarshen huhu bangonsu ya yage su haɗe su zama manya marasa ƙarfi, kamar balan-balan da aka hura aka sace sau dubu ta saki. Iska na shiga, fitarta ce aiki. Shi ya sa gwajin na busa ne ba na zuƙa ba. Mutum zai cika ƙirjinsa taf, ya kama bututun da leɓe ya feso iskar da iyakar ƙarfinsa har ta ƙare, na'urar ta auna wadda ta fita a daƙiƙar farko ta gwada da jimillar da ta fita gaba ɗaya. Mai lafiyayyen huhu a daƙiƙa ɗayan nan ya fitar da mafi yawanta. In an ba ka maganin buɗe hanya an jira kamar minti 15 amma har yanzu iskar daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na jimillar ba, to akwai toshewar da ba ta saki. Hoton ƙirji ba ya wadatarwa, da yawa za a ɗauka a ce musu lafiya lau alhali abin na nan. Kuma akwai mai duka biyun, asmar da aka yi shekaru ba a kula da ita ba tana iya zarcewa.

Baffa_Ali:
Mu a da duk wannan fuka muke ce masa. Tsoho na haki a ce fuka, yaro na fito a ce fuka, yanzu kuma a rediyo tarin fuka tibi suke nufi. Suna ɗaya ciwo uku, yaya za a yi Sadiq ya iya ƙirgawa.

Dan_Gaye99:
Ni fa duk wannan tsoratarwa ce. Kakana ya sha taba har ya kai 90, da ƙafarsa yake zuwa ko'ina, tari ma ban taɓa jin ya yi ba. Kwana ne kawai in ya ƙare ya ƙare.

Tsohon_Direba:
Ɗana, ni ma da kakan wani nake kafa hujja shekara 33. Kowane mai shan taba yana da wannan kakan.

Malam_Lissafi:
Dan_Gaye99 ba ƙarya ka yi ba, ba duk mai shan taba ke kamuwa ba. A Kofanhegan ta Denmak an bi mutane har shekara 25 ana auna huhunsu, aka ga cikin waɗanda suka ci gaba da sha aƙalla 1 cikin 4 ya kamu da ciwon a matakin da ke damun mutum. Kakanka yana cikin sauran ukun, ko kuma yana da shi ba a auna ba. Tambayar ita ce kai a wane layi kake, kuma ba ka da hanyar sani sai bayan shekara 20. Sannan ukun nan ma ba tsira suka yi ba, akwai zuciya akwai sankara suna jiran nasu kason.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri in katse ku, naga hirar duk ta koma kan taba kamar masu shan taba kaɗai abin ya shafa. Mahaifiyata ko kusa da mai shan sigari ba ta zama, warin ma amai yake sa ta. Amma an tabbatar mata da COPD tana 63. Abin da ta yi kawai shi ne girki da itace a rufaffen ɗaki sama da shekara 40, safe da yamma, ni ina tunawa muna yara in ka leƙa ba ka ganin fuskarta don hayaƙi, idonta na hawaye tana fifita wuta, rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya fi ƙona min rai, a asibitin farko da muka je wanda ya duba ta sai da ya tambaye ta sau 3 ko tana shan taba a ɓoye, wai ta faɗi gaskiya. Tsohuwa ta fito tana kuka ta ce ba za ta sake zuwa ba. Sai da muka yi wata 8 muna lallashi kafin ta yarda muka je wani wajen. To irin su Mama nawa ne ke zaune a gida ana cewa sanyi ne ya kama musu ƙirji?

Ummu_Sudais:
Subhanallah, wannan ai cin fuska ne. Allah ya ba ta lafiya. Wlh kin tuna min da gwaggona, ita ma haka take, in za ta yi magana sai ta rarraba ta gida-gida tana hutawa a tsakani.

Nas_Hauwa:
Maman_Ilham sannu, kuma abin da aka yi mata kuskure ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo sama da kashi 70 na ciwon, amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kashi 30 zuwa 40 ne kawai, hayaƙin cikin gida na daga cikin manyan dalilai. Mutum sama da biliyan 2 a duniya har yanzu da itace ko gawayi ko kashin dabbobi ko makamantansu suke girki. Kuma ba uwar kaɗai ke shaƙa ba, har jaririn da ke goye a bayanta.

Malam_Lissafi:
Ƙari a kan haka, a Masindi ta Yuganda an yi irin gwajin nan a karkara, sakamakon ya fito a 2015, aka samu kashi 16 cikin 'yan sama da 30, kuma matan da aka samu da shi mafi yawansu ba sa shan taba. Sai dai don adalci, su masu BOLD da suka sake duba bayanansu daga baya ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin girki da itace da toshewar ba, abin da ya fi fito musu shi ne taba da talauci da tsohon tibi. Har yanzu masana na ja-in-ja a kan girman kason hayaƙin girki, domin mai girki da itace sau da yawa ita ce kuma ta taso cikin rashi, raba su na da wuya.

Maman_Ilham:
Malam su yi ta ja-in-jarsu. Ni dai na ga ɗakin kuma na ga huhun.

Injiniya_Bala:
A saka mu a lissafi mu ma. Shekara 22 na yi a wajen fasa dutse, takunkumin da ake ba mu sai mu rataye a wuya saboda zafi. Cikin waɗanda muka fara aiki tare mutum 3 yanzu ba sa iya doguwar tafiya, ɗaya cikinsu ko taba bai taɓa riƙewa ba. Ni na je na busa bara, aka ce ina kan iyaka, in dawo bayan shekara. Masu walda, masu aikin auduga, masu siminti, masu sussukar hatsi, duk ƙura ce.

Mai_Gardama:
To tsaya Injiniya, kalmar nan taka ta kan iyaka ita nake so. Nas ta ce kashi 70. Wa ya yanke 70? Wato mai 71 lafiyarsa ƙalau mai 69 majinyaci ne? Kuma tsoho ɗan 80 ai dole busarsa ba za ta kai ta ɗan 40 ba, ko da bai taɓa ganin hayaƙi ba. Ashe in ka bi gida-gida kana sa tsofaffi busa, tsufan ma za ka rubuta a matsayin ciwo, adadi ya kumbura.

Malam_Lissafi:
Yau kam gardamarka ta yi rana, don wannan ita ce ainihin rigimar da ke tsakanin masanan kansu. Ma'aunin 70 ɗin na wani kwamiti ne da ake kira GOLD, rahotonsu na farko ya fito a 2001, sun zaɓe shi ne don sauƙi, kowane likita a ko'ina ya iya riƙewa. Amma gaskiya ne huhu na kai ƙarshen ƙarfinsa ne wajen shekara 20 zuwa 25, daga baya ya riƙa raguwa a hankali ko ga mai lafiya. Don haka layi ɗaya ga kowa yana saka wasu tsofaffi masu lafiya a ciki, yana kuma barin wasu masu ƙananan shekaru da ciwon ya fara ci a waje. Ɗaya ɓangaren suka ce a gwada kowa da sa'anninsa, mai shekarunsa da tsayinsa da jinsinsa, in ya faɗa cikin kashi 5 na can ƙasa shi ne mai matsala. An yi wani ƙiyasi na duniya na shekarar 2019 a kan 'yan 30 zuwa 79. Da ma'aunin 70 aka samu kashi 10.3, kimanin mutum miliyan 392. Da ɗaya ma'aunin aka samu kashi 7.6, kimanin miliyan 292.

Mai_Gardama:
Allahu akbar. Mutum miliyan 100 sun warke da canjin ma'auni kawai, ko allura ba a yi musu ba. Ai na faɗa muku.

Nas_Hauwa:
Ka ɗauki ƙaramin ma Malam Mai_Gardama, ba mai hana ka. 7.6 ai kusan 1 cikin 13 ke nan. Sadiq ya ce ya lissafa mutum 100 bai samu kowa ba, ko da naka lissafin ya kamata ya samu 7. Kuma mu a wajen aiki ba lamba kaɗai muke dubawa ba, sai an haɗa da abin da mutum ke ji da abin da ya shaƙa a rayuwarsa. Ɗan 80 da ya busa 68 ba ya tari ba ya haki ba mai ɗora masa magani. Sannan mutuwa ba ta da ma'auni biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5, kusan kashi 5 na duk mace-macen shekarar, shi ne na 4 a jerin masu kisa. Kuma waɗanda yake kashewa kafin su kai 70, kusan kashi 90 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Zee_Baby:
Na 4 a duniya?? Kuma ni yau na fara jin sunansa, kai jama'a.

Abu_Hanif:
Tunda haka ne me zai hana duk wanda ya kai 40 a sa shi ya busa kawai, kamar yadda ake auna hawan jini? A huta da gardama.

Malam_Lissafi:
An yi wannan tunanin. Kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya duba a 2016 ya sake dubawa a 2022, duka biyun ya ce kar a riƙa gwada wanda ba ya jin komai, don ba a ga hakan na ƙara masa lafiya ko kwana ba, shawarar da za a ba shi ita ce ya bar taba, wadda ko ba gwaji za a ba shi. Gwajin na mai alama ne, tari mai daɗewa, kaki, haki, ko yawan ciwon ƙirji.

Tsohon_Direba:
Matsalar ita ce wa zai ce yana da alama? Ni da an tambaye ni ina 48 ko ina haki cewa zan yi a'a, kuma ba ƙarya zan yi ba a tunanina. Don na daina duk abin da ke sa ni haki ba tare da na lura ba. Na daina hawa bene, na daina ɗaukar kaya, in muna tafiya da mutane sai in tsaya kamar ina duba waya. Mutum na rage rayuwarsa ne daidai da numfashinsa. Tambayar da ta kama ni ita ce da wata likita ta ce, me kake yi shekara 5 da suka wuce wanda yanzu ba ka yi? Na buɗe baki na kasa rufewa.

Dan_Gaye99:
To Baba tunda an ce ba ya warkewa meye amfanin dainawa, ai aikin gama ya gama.

Tsohon_Direba:
Abin da ya lalace bai dawo ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gangarar ta rage gudu. Shekara 6 da dainawa, ina shaƙar maganina kullum, an koya min fitar da iska a hankali da leɓe a tsuke kamar mai hura wa shayi, ina tafiyar minti 30 duk safiya, ina yin allurar mura ta shekara-shekara. Sau ɗaya aka sake kwantar da ni. Wanda muka kwanta gado kusa da gado bai daina ba, yanzu da tukunyar oksijin yake kwana.

Hajiya_Binta:
Ni tambayata daban ce. Mijina bai sha taba ba, ba ya shiga kicin, aikin ofis ya yi har ya yi ritaya, amma an ce yana da shi. Abin da na sani kawai ya yi tibi yana saurayi an yi masa magani ya warke, kuma mahaifiyarsa ta ce bakwaini aka haife shi.

Nas_Hauwa:
Hajiya duka biyun da kika faɗa suna cikin dalilai. Tibi ko ya warke yakan bar tabo a huhu. Haihuwar bakwaini, yawan ciwon ƙirji a yarinta, rashin abinci mai gina jiki, duk suna hana huhu kai cikakken girmansa. Wanda ya fara da tulu rabi ko ba ya yoyo zai riga mai cikakken tulu ƙarewa. Akwai binciken da ya fito a 2015 da ya nuna kusan rabin masu ciwon ba saurin lalacewa huhunsu ya yi ba, tun farko ne bai cika ba. Akwai kuma na gado, ƙarancin wani sinadari da hanta ke yi mai kare huhu, shi ba shi da yawa amma yakan kama mutum da wuri, shi ya sa in ɗan 35 ko 40 ya zo da shi ake gwada jininsa.

Sadiq_47:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Na sake zama da lissafina na jiya amma wannan karon ban nemi sunan ciwo ba, na nemi masu dafa bango. Kawuna da ke zama a mota in mun je waje mai bene. Maƙwabcinmu da tarinsa ke tashe mu da asuba. Wata innarmu mai asmar da ta fara mata bayan ta haura 50. Wani abokin aikina da kullum cikin maganin tari yake. Ban gama ba na kai mutum 8.

Mai_Gardama:
A'a Sadiq kar ka wuce gona da iri, jiya babu ko ɗaya yau kuma kowa. Haki ai ba na huhu kaɗai ba ne. Ciwon zuciya na sa shi, ƙarancin jini na sa shi, ƙiba ma na sa shi, ni nan in na hau bene ina haki kuma tumbi ne ba komai ba.

Nas_Hauwa:
A nan kam ina tare da Mai_Gardama. Cikin 8 ɗin nan wataƙila 3 ne, wataƙila 6, sauran zuciya ko tibi ko asmar gaske. Kuma mai tarin da ya wuce mako 2 yana rama ko yana ganin jini, tibi za a fara nema ba wannan ba. Kar a je kemis a sayo musu inhela a ce an gano. Amma shi ma mai tumbin bai busa ba balle ya ce ba komai.

Mai_Gardama:
Nas ki bar ni da tumbina don Allah.

Maman_Ilham:
Yaya Sadiq kai fa? Ka ce 47 kake, kuma ba ka faɗa mana ko Baba ya sha taba a gidan da ka taso ba.

Sadiq_47:
Ya sha, har na gama sakandare a falo yake sha muna zaune. Ni ban taɓa sha ba, kuma ba na haki, sai dai in mura ta kama ni takan yi wata guda a ƙirjina. Ranar da zan mayar da shi zan tambayi likitan ko wannan ya isa a sa ni in busa.

Tsohon_Direba:
Nas_Hauwa, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Uwargidana shekara 30 tana shaƙar hayaƙina a ɗaki ɗaya, ga na girki. Kwanan nan na lura in tana shara tana tsayawa ta riƙe ƙugu, na yi mata magana ta ce bayanta ne. Ita in an ce asibiti faɗa ne. Gwajin nan minti nawa yake ɗauka gaba ɗaya, kuma akwai allura a ciki? Don abin da za ta fara tambayata ke nan.